Zoben da bai fi faɗin tabarma ba: yaya ake tsare elektiron a cikinsa?

Ɗalibin Fiziks:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Tambayata ga malamanmu ce. Jiya na ga hoton wata na'ura ta ƙasar Italiya mai suna AdA, wadda aka ce ita ce zobe na farko da aka tara ƙwayoyin elektiron da fositiron (takwaran elektiron mai kishiyar caji) a ciki suna zagaye, ɗaya ta dama ɗaya ta hagu, har aka gwara kansu. Girmanta ne ya ɗaure mini kai. Da'irar da ƙwayoyin ke bi faɗinta mita 1.3 ne kacal, kuma tun watan Fabrairun 1961 ta fara riƙe elektiron. Ga na CERN, cibiyar binciken nukiliya ta Turai, kuma kewayensa kilomita 27 a ƙarƙashin ƙasa. In ƙaramin ya yi aiki tun kafin a haifi babana, me ya kai su haƙa rami mai tsawon nan?

Injiniya Sarkin Musu:
Wa alaikumus salam. Ƙanena ka sosa mini inda yake ƙaiƙayi. Na daɗe ina cewa manyan zobban nan akwai burga a ciki. Kwamfuta a da ɗaki guda take cikawa, yau ga ta a aljihun kowa. Rediyo haka, kyamara haka. Me ya sa wannan kaɗai kullum ƙara girma yake? Ƙaramin goro ya fi babban dutse.

Malam Mai Alli:
Injiniya, sannu da ƙoƙari, amma misalin kwamfuta bai shiga nan ba. Kwamfuta lissafi take yi, lissafi kuwa ba ruwansa da girman wuri. A nan abu ne mai gudu ake so a tanƙwara masa hanya, kuma akwai ƙa'ida da ba ta karɓar roƙo. Ka ɗauki ƙarfin maganaɗisu a tesla, ka ninka da rabin faɗin da'irar a mita, ka sake ninkawa da 0.3. Abin da ya fito shi ne ƙarfin ƙwayar da za ka iya riƙewa, a GeV.

Gwada da AdA. Ƙarfin ƙwayoyinta 250 MeV ne, wato 0.25 GeV, rabin faɗinta santimita 65. Lissafi ya ba ka tesla 1.3 ko kusa da haka, wanda maganaɗisun ƙarfe da waya na yau da kullum ke iya bayarwa. Yanzu koma CERN. Furoton ɗinsu, ƙwayar da ta fi elektiron nauyi nesa ba kusa ba, yana da GeV 6,800. In ka ce sai ka tanƙwara shi a da'irar da rabin faɗinta rabin mita ne, kana buƙatar tesla kusan 45,000. Maganaɗisu mafi ƙarfi da ɗan Adam ya taɓa kunnawa ya zauna daram bai kai tesla 50 ba. Ka ga ninki dubu ke tsakani. Su da suke da tesla 8 da wani abu, sai da suka jera manyan maganaɗisu 1,232 a ramin nan, suna sanyaya su zuwa digiri 271 ƙasa da sifili. Ba burga ba ce, dole ce ta sa.

Baba Mai Rediyo:
Ni dai tsoho ne, ku yi mini a hankali. Kuna ta cewa an tara, an ajiye. Abin da yake gudu ya za a ce an ajiye shi? Mu a shago in an ce ajiya, to abu yana zaune wuri guda ne, kamar caji a cikin kwandansa.

Malam Mai Alli:
Allah ya ƙara wa Baba lafiya, tambayar nan ta fi ta yaran. Baba ya tuna majaujawa da ake korar tsuntsaye da ita a gona? Dutse yana gudu, amma yana hannunka, bai tafi ko'ina ba sai ka saki igiya. To maganaɗisu shi ne igiyar. Ƙwayoyin suna cikin bututun da aka zuƙe wa iska, suna zagaye sa'o'i, sai lokacin da mai su ya buƙace su.

Sai dai majaujawar nan tana yoyo. Duk elektiron da aka tanƙwara wa hanya sai ya fitar da haske, ƙarfinsa ya ragu. Don haka ake sa wani akwatin ƙarfe a hanyar, mai kaɗawa da igiyar rediyo, duk zagaye ya ɗan tura shi kamar yadda ake tura yaro a lilo. Wannan kam sana'ar Baba ce. Na AdA yana kaɗawa a megahaz 147, sama kaɗan da tashoshin FM.

Baba Mai Rediyo:
To yanzu na gane. Ashe ma maƙwabtanmu ne. Allah ya yi albarka.

Anti Dakta:
Sannunku da hira. Na shigo a makare, yanzu na taso daga aiki. Malam ya yi bayanin dalilin girma, amma ni ina ganin an tsallake wurin da wahalar ƙaramin zobe take. Tanƙwara hanya ba shi ne abin da ke hana mutane barci ba. Shigar da ƙwayoyin ciki shi ne.

Ƙanena mai tambaya, ka yi tunani. Filin maganaɗisu da ba ya canzawa, duk abin da ya shigo masa daga waje da ƙafarsa zai fita da ƙafarsa, ko kuma ya zagayo ya daki bakin ƙofar da ya shigo ta ciki. Ba ya zama haka kawai. Sai an sa wani maganaɗisu na musamman da zai yi masa shuri ɗaya ya ɗora shi kan hanya, sannan ya mutu kafin ƙwayar ta zagayo, in ba haka ba shuri na biyu ya fitar da ita. A CERN zagaye ɗaya yana cin kusan kashi 89 cikin miliyan na sakan, akwai sarari. A zoben da kewayensa mita 3 ne, zagaye ɗaya kashi 10 ne cikin biliyan na sakan. Ka kunna wuta mai ƙarfi ka kashe ta a cikin wannan ɗan lokaci? Baba ya san ko wace irin nadin waya tana da taurin kai, ba ta yarda wuta ta tashi ko ta mutu nan take.

Ɗalibin Fiziks:
Anti, to su mutanen AdA ya suka yi a 1961? Ai ba su da kayan yanzu.

Anti Dakta:
Sun yi wayo, ba su shigar da komai ta ƙofa ba. A cikin ɗakin suka haife su. Akwai babbar na'ura a Firaskati, kusa da Rum, da ke harba elektiron. Sai a buga su a jikin ƙarfe a samu haske mai tsananin ƙarfi, irin wanda ake kira gamma. Haske ba ruwansa da maganaɗisu, kai tsaye yake ratsawa. Yana shiga cikin zoben sai ya daki wani ɗan siririn ƙarfe a gefen hanya, nan take ya rikiɗa ya zama elektiron da fositiron. Mafi yawansu ɓata suke yi, amma 'yan ƙalilan da suka fito da daidai ƙarfi da daidai kusurwa sai zoben ya kama su. Kamar ka watsa gero a iska kana fatan 'yan ƙwayoyi su faɗa bakin kwalba.

Shi ya sa tarin ya yi musu kaɗan ƙwarai. A 1962 suka ɗora zoben a mota suka tsallaka da shi Faransa, zuwa Orsay kusa da Faris, inda akwai na'ura miƙaƙƙiya mai harbi da yawa. A can ne aka tabbatar da karon, wajen 1963 zuwa 1964.

Abin da ya fi burge ni a labarin: saboda ƙarancin ƙwayoyin, suna iya ƙirga su ɗaya bayan ɗaya. Na'urar auna haske tana zana layi a takarda, duk elektiron da ya shiga layin ya hau mataki guda, duk wanda ya ɓace ya sauka mataki guda.

Ɗan Damagaram:
Anti barka da dare. Ni abin da na sani game da mai wannan tunani, Bruno Touschek, ya isa a yi hira guda a kansa. Haifaffen Biyana ta Ostiriya ne, 1921. Mahaifiyarsa Bayahudiya ce, don haka 'yan Nazi suka hana shi karatu. Lokacin yaƙi ya yi aiki a Hambug tare da Rolf Widerøe, ɗan ƙasar Norwe, kan wata na'urar elektiron. A 1945 aka kama shi, ana cikin tafiya da fursunoni a ƙasa wani mai gadi ya harbe shi, aka bar shi a gefen hanya ana zaton ya mutu. Shekara 15 bayan haka, ranar 7 ga Maris 1960, ya tsaya gaban abokan aikinsa a Firaskati ya kawo shawarar zoben. Cikin shekara guda an gina shi. Mai rabon ganin baɗi ko ana ha-maza-ha-mata sai ya gani.

Injiniya Sarkin Musu:
Shekara guda! Kun ji ko? Wannan shi ne maganata. Mutum kaɗan, kuɗi kaɗan, shekara guda. Yanzu kuwa sai a yi shekara 20 ana taro kafin a kafa tubali. Kuma ai tun 1931 masanin fiziks Ernest Lawrence ya yi tasa na'urar a Amurka wadda ba ta fi tafin hannu ba.

Malam Mai Alli:
Injiniya ka haɗa biyu da ba ɗaya ba. Ta Lawrence saikulotoron ce. A cikinta ƙwaya tana farawa daga tsakiya tana buɗa da'ira kamar nadin gammo har ta kai baki ta fice, duk cikin ƙiftawar ido. Ba ta ajiye komai. Harbi daban, tsarewa daban. Wanda ya iya jifa ba lallai ya iya kiwo ba.

Ka lissafa da kanka: ƙwayar da aka tsare awa 10 tana gudu kusan na haske ta yi tafiyar kilomita biliyan 10 da ɗoriya, wato nisan nan da rana sau 70 da wani abu, duk a cikin bututu ba tare da ta taɓa bango ba.

Injiniya Sarkin Musu:
Na karɓi gyara kan Lawrence. Amma ban sauka daga kan maganata ba.

Anti Dakta:
Kada ka sauka, Yaya, don rabin maganarka gaskiya ce. Ƙananan zobba suna nan suna aiki, sai dai ba aikin CERN suke yi ba.

A Japan, kamfanin Sumitomo ya ƙera wani mai suna AURORA. Faɗin da'irarsa mita 1 cif, maganaɗisu guda ɗaya mai sanyi, tesla 3.8, elektiron na 575 MeV. Yana Jami'ar Ritsumeikan tun tsakiyar shekarun 1990. Hasken nan da Malam ya kira yoyo shi ne hajarsa, da shi ake binciken kayan batir da sauransu. Asali an yi irinsa ne da fatan masana'antun ƙwaƙwalwar kwamfuta za su saya su riƙa zana da'irorinsu da eksire. A Ingila ma Oxford Instruments sun ƙera Helios domin IBM. Kasuwar ba ta tafi yadda aka zata ba, sai na'urorin suka koma hannun masu bincike. Helios na biyu yana Singafo.

Matsalar shigarwa kuwa, a AURORA ba su yi ƙoƙarin shuri ɗaya ba. Da gangan suke ɗan hargitsa filin maganaɗisun na ɗan lokaci ta yadda ƙwayoyin za su riƙa kauce wa bakin ƙofa zagaye bayan zagaye, sannan a janye hargitsin a hankali ya bar su a ciki.

Ɗalibin Fiziks:
Na gwada lissafin Malam: 0.3 sau 3.8 sau 0.5 ya ba ni 0.57. Ya fito daidai wallahi! To Anti, tunda an iya shigar da su, me zai hana a cusa da yawa a samu haske kamar na manyan?

Anti Dakta:
A nan ne sunan Touschek ya sake dawowa. Ƙwayoyin ba a baje suke tafiya ba, dami-dami suke, kuma a cikin damin kowa yana ɗan kaɗawa hagu da dama. Dukkansu caji iri ɗaya gare su, ba sa ƙaunar juna. In biyu suka matso kusa sai su ture juna, kaɗawar gefe ta juye ta koma ta gaba da baya. A idonmu da muke tsaye, saboda gudun ya kusa na haske, wannan 'yar turiyar tana ninkuwa sau ɗaruruwa. Ɗaya ya yi gaba da yawa, ɗaya ya yi baya da yawa, akwatin lilo ya kasa riƙe su, duka biyun su tafi. A Orsay suka gano haka a 1963: duk sanda suka ƙara yawan ƙwayoyi sai rayuwar damin ta gajarta. Har yau da sunansa ake kiran abin. Kuma ya fi tsanani in ƙarfin ƙwayoyin kaɗan ne, wato daidai inda ƙananan zobba suke zaune.

Sai kuma iska. Wannan na ɗanɗana da kaina. A wani ɗakin bincike da na yi horo, mun haɗa bututu muka gasa shi kwana da kwanaki don ya fitar da danshin jikinsa, amma awo ya ƙi sauka. Da aka kwance, ashe wani ne ya taɓa cikin da hannu ba safa. Maiƙon yatsa ɗaya ya cinye mana mako biyu. Ba a faɗi mai yatsan ba, ni ma ba zan faɗa ba.

Ɗan Damagaram:
Anti, wannan rufin asirin ya yi kama da na mai laifi.

Anti Dakta:
Ɗan Damagaram ka kiyaye ni.

Malam Mai Alli:
Bari in ƙara abu guda a kan yoyon haske, don Injiniya ya ga ɗaya ƙarshen igiyar. Asarar elektiron a kowane zagaye tana tafiya da ƙarfinsa ninki huɗu a jere. Ka ninka ƙarfi sau 2, asara ta ninku sau 16. Ka matse da'ira, ta ƙara hawa. A AdA asarar kusan rabin keV ce a zagaye (keV 1,000 ke yin MeV ɗaya). A AURORA kusan keV 19 ce, sau miliyan 95 a kowane sakan. LEP, zoben elektiron da fositiron da ya zauna a ramin CERN daga 1989 zuwa 2000 kafin na yanzu, da ya haura GeV 100 yana zubar da kusan kashi 3 cikin 100 na ƙarfinsa a duk zagaye, duk da kilomita 27 ɗin.

Abin mamaki, yoyon nan yana da amfani. Shi ke kwantar da kaɗawar ƙwayoyin, damin ya tsuke ya yi siriri. In ƙarfi ya yi ƙasa sosai yoyon ya yi kaɗan, damin ba ya samun mai lallashinsa, sai dai ya yi ta kumbura. Ka yi sama wuta, ka yi ƙasa ƙaya.

Anti Dakta:
Shi ya sa zoben da ke Jami'ar Fasaha ta Munik a Jamus ya bi wata hanya. Kewayensa mita 4.6, elektiron ɗinsa ba su wuce 45 MeV ba. Ba ya jiran maganaɗisu ya ba shi eksire, gwara elektiron yake yi da hasken leza gaba da gaba, hasken ya dawo da ƙarfi ninki dubbai ya zama eksire na keV 15 zuwa 35. Damin kuwa ba a barinsa ya tsufa, sau 25 a sakan ake zubar da shi a sa sabo. Ajiyar kashi ɗaya cikin 25 na sakan ke nan, amma a cikinta ya yi zagaye fiye da miliyan 2. Baba zai ce wannan ba ajiya ba ce, aro ne.

Baba Mai Rediyo:
'Yata kin riga ni. Aron ma na maƙwabci mai tsaye a bakin ƙofa.

Ɗan Damagaram:
Akwai kuma waɗanda ba su da maganaɗisu sam. A Arhus ta Denmak akwai ELISA, kewayensa kusan mita 8 ne, da farantan lantarki kawai yake tanƙwara hanya. Amfaninsa shi ne nauyin ƙwaya bai dame shi ba, don haka har manyan ƙwayoyin sinadarai na jikin halitta ake zagayawa da su a ga yadda suke farfashewa. A Liyon ta Faransa sun yi wanda ke zama a kan tebur. A Sitokholm kuma DESIREE zobe biyu ne a akwati ɗaya mai sanyin kusan digiri 260 ƙasa da sifili, don a kwaikwayi sararin samaniya. Waɗannan ƙwayoyin a hankali suke tafiya in an kwatanta da haske, shi ya sa shigar da su ba ta da wuya.

Injiniya Sarkin Musu:
To ga tambayar da nake ta nufa tun ɗazu. Duk nahiyoyin da mutane ke zaune, Afirka ce kaɗai ba ta da zoben hasken nan. Jodan ma ta buɗe SESAME a 2017, mita 133. Tun taron Girenobul ta Faransa na 2015 ake maganar na Afirka. Maimakon jiran babba, me zai hana wata jami'a a Najeriya ko Nijar ko Gana ta sayi irin na Munik? Ai ba daga sifili za mu fara ba, akwai na'urar ingiza ƙwayoyi a Ile-Ife, akwai tukunyar nukiliya ta bincike a Zariya tun 2004.

Malam Mai Alli:
A nan kam ina tare da kai fiye da rabi. Don koyar da ɗalibai da ɗaukar hoton ƙashi da tsoka da iri, ƙarami zai yi. Amma kada a sayar wa gwamnati shi da sunan madadin babba. Haskensa bai kama ƙafar na manyan ba, kuma mutum ɗaya ko biyu yake ɗauka a lokaci guda, babba kuwa yana ciyar da ɗakunan gwaji da dama a tare.

Anti Dakta:
Ni damuwata ba kuɗin saye ba ce. Famfunan zuƙe iska ba a kashe su, dare da rana, shekara da shekaru. Ruwan sanyaya na'ura ba a so zafinsa ya motsa ko da digiri ɗaya. In wuta ta ɗauke ba shiri, ba haske kaɗai ka rasa ba, wataƙila ka koma gasa bututu. Ƙanƙantar zobe ba ta rage ko ɗaya daga cikin waɗannan, ta ma ƙara, don komai a matse yake, babu inda za ka sa hannu. Ni da za a tambaye ni, a fara da na lantarki irin na Liyon. Ɗalibai za su iya ƙera rabinsa da hannunsu, su koyi zuƙe iska da auna dami, kuma in ya lalace ba sai an jira wani ya hau jirgi ya zo ba.

Injiniya Sarkin Musu:
Wutar ai sola da batir sun magance ta. Wannan fannina ne, ku bar mini.

Anti Dakta:
Na bar maka wutar, Yaya. Ruwan sanyi a watan Afrilu fa?

Ɗalibin Fiziks:
Kafin Yaya ya amsa, akwai zoben da na gani ana shiryawa a cibiyar bincike ta J-PARC a Japan don ƙwayar muwon, mai kama da elektiron amma ta fi shi nauyi kuma ba ta daɗewa take mutuwa. Na Fermilab a Amurka faɗinsa mita 14 ne, har ta ruwa aka ɗauko shi daga cibiyar bincike ta Brookhaven a 2013. Na Japan kuwa santimita 66 kawai, tesla 3. Na yi lissafi, zagaye ɗaya bai wuce kashi 7 ko 8 cikin biliyan na sakan ba. Ta wace ƙofa za su shiga?

Anti Dakta:
Ta rufi. Maganaɗisun irin na injin MRI na asibiti ne, doguwar ganga a tsaye. Muwon zai shigo daga sama a karkace, ya riƙa sauka yana murɗawa kamar matattakalar hasumiya. Tunda kowane zagaye yana ƙasa da na baya, ba ya dukan ƙofar da ya shigo. In ya iso tsakiya sai a yi masa shurin da zai tsayar da saukar kawai, shi kuma ana iya shimfiɗa shi a kan zagaye da yawa. Ka lissafa mana zagaye nawa zai yi kafin ya mutu: rayuwarsa a zaune kashi 2.2 cikin miliyan na sakan ce, a wannan gudun ka ninka ta sau 3.

Ɗalibin Fiziks:
Ya ba ni kusan 900, Anti.

Malam Mai Alli:
Daidai. Gobe ka kawo mini shi a rubuce, da yadda aka samu ukun nan.

Injiniya Sarkin Musu:
Maganar ruwan sanyi ina nan ina duba farashin injin, kada wanda ya rufe zancen.